Talata ta Mota Ce

Abdulrazak ya kashe fankar motar tun kafin ya bar kwalta, ya sauke gilasai, iskar bazara ta shigo tana dukan fuskarsa kamar an buɗe bakin tanda. A ɗan allon da ke gaban sitiyari, hoton batir ya rage sanda biyu. Ya san halin motarsa ta lantarki. Sanda biyu za su kai shi Jiratawa, amma ba za su kai shi Tsibiri su dawo da shi unguwar Zariya ta cikin Maradi ɗauke da mace da jariri da kayan gara ba. Don haka yake tafiya a hankali, masu kabu-kabu suna wuce shi suna waiwayowa.

Waya ta yi ƙara. Matarsa ce, Tahira.

"Kana ina, Mushe?" Haka kowa ke kiransa, lakabin Faransanci da ake yi wa ɗan boko.

"Hanyar Jiratawa."

"Jiratawa kuma? Ka manta yau ce ranar?"

"Ban manta ba. Caji zan sa mata in taho."

"To. Baba dai tun safe yana bakin teburinshi, duk wanda ya zo sayen esansi sai ya ce mishi ya dawo da la'asar ya ga rediyo mai taya huɗu." Ta yi dariya ƙasa-ƙasa don kada jaririn ya farka. "Kar ka ba ni kunya, ka ji."

"Bayan la'asar ina ƙofar gidanku."

Tahira ta tafi gidan iyayenta a Tsibiri wankan haihuwar fari, yau kuma take komawa ɗakinta. Mahaifinta, Alhaji Tanimu, tun Abdulrazak bai shiga lakwal, makarantar boko, ba yake sayar da esansi, wato man fetur, a kwalabe a bakin hanya. Ranar suna, rumfa cike da maza, Alhajin ya dubi motar ya tambaya cikin raha ko ana kama labaran duniya da ita. Aka yi dariya. Abdulrazak ya manta a gaban suruki yake zaune. Ya ce abin da ya hana ƙasar nan motsi ke nan, duk sabon abu sai a mai da shi abin dariya, kuma in Allah ya yarda ɗansa zai shiga gidan ubansa a motar da ba ta shan ko ɗigon esansi. Alhaji ya ce, "Allah shi kai mu." Tun daga ranar maganar take yawo a Tsibiri, ana jiran yau.

Matsalar motar ba a jikinta take ba. Ƙarama ce, fara, ta hannu, kuma ba ta taɓa yi masa gardama ba. Matsalar ita ce inda za ta sha wuta. Ciki da falo yake haya a Zariya, cikin gida mai ƴan haya biyar da kwanta ɗaya, wato mitar wuta, ƙofar gidan kuwa ko amalanke ba ya shiga. Ranar da ya kawo ta ya jefa waya ta kan katanga ya jona, kwantar ta faɗi, fankokin gidan duka suka tsaya ana tsakar zafi. Mai gidan bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Mushe, ko mu ko ita." Sai Abdulrazak ya koma wajen wani mai walda a bayan tasha, yana jona ta in aiki ya yi sauƙi. Jiya da shekaranjiya layin mai waldar bai ga wuta ba. Duk wanda ya yi wa ƙorafi sai ya ce masa sai haƙuri, maganar da ya fi tsana a garin nan. Gari ne da rana ke soya ƙwai a kan kwano, amma mutane sun zauna suna fifita da kwali, suna jiran wutar da za a turo musu daga nesa.

Jiratawa ce mafitarsa, kuma yana ganin ya cancanta. Shi ne injiniyan aikin gona da ya yi ta zarya wajen ƙungiyar mata masu lambu a bakin gulbi, har suka yarda suka ajiye injin ban ruwa mai shan esansi, aka kafa musu pano masu kama hasken rana, da famfo, da babban tankin siminti. Da hannunsa ya ɗaura wani ƙarfen juyi a jikin akwatin wutar. In an ɗaga shi sama wuta ta tafi famfo, in an sauke shi ƙasa ta tafi wurin jona mota, don ba ta isar su biyun a lokaci guda. A lissafinsa, kafin hantsi ya dubi ludayi tanki ya cika, sauran ranar kuwa asara take yi. Kowace Talata, ranar zagayensa, sai ya jona motar ya shiga gonaki, ya dawo da la'asar ya tarar da ita a ƙoshe. Yau Asabar ce, amma rana ai rana ce.

Inna Asabe, shugabar ƙungiyar, tana gindin mangwaro tana tsinke zogale a faifai lokacin da motar ta sulalo ba sauti ta tsaya a gefen panon. Tsohuwa ce doguwa, mai zane a kumatu da muryar da ake ji daga wannan ƙarshen lambu zuwa wancan.

"Maraba da Mushe. Yau kuma Talata ta yi sammako?"

"Lalura ce, Inna." Ya rusuna ya gaishe ta. "Yau zan ɗauko ɗiyarki daga Tsibiri, ga ta kuma ta kusa mutuwa a hanya."

"Mai jego za ta koma ɗaki ke nan. Barka. Ya angona? An ce ya kwaso hancinka, Allah shi kyauta."

"Yana gaishe ki. Ba zan takura ku ba ko?"

Ta ɗan dubi can ƙarshen lambun, dubawar da ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba, sannan ta ajiye faifan.

"Haba, Mushe. Ba komai."

Ita da kanta ta je ta sauke ƙarfen. Gunjin famfo ya yi ƙasa ya mutu, kukan kurciyoyi ya maye gurbinsa. Abdulrazak ya warware wayar ya jona, ƙaramar fitila ta kama kore. Inna Asabe ta jawo wata tsohuwar zana ta jingina a gilashin gaba, kamar yadda take yi kullum, wai kada rana ta dake ta tana cikin sha. Daga nan ta dama masa fura a ƙwarya, suka zauna a inuwa.

Can bayan shinge injin Maidawa, maƙwabcinsu, yana ta tari yana fitar da hayaƙi. Abdulrazak ya girgiza kai.

"Ji wannan. Rana kyauta a bisa kansa, shi kuwa rabin abin da ya noma cikin kwalba yake ƙarewa."

"Na gaya mishi," in ji Inna Asabe. "Ya ce injinshi ko da dare tashe shi yake, namu kuwa da magariba yake kwana kamar kaza."

"Abin da ke cinmu ke nan, Inna. Mutum yana ganin abin da ke cutarsa, amma ba zai buɗe baki ba, ba zai ɗaga hannu ba. Haka muka tarar, haka za mu bari."

"Sha furarka, Mushe, kar ta tsinke."

Ya sha. Ya je ya leƙa allon motar, sanda ta uku ta fito. Yana buƙatar biyar kafin ya amince da zuwa da dawowa, ga nauyin kaya. In ranar ta ci gaba da dukan nan, la'asar za ta yi masa daidai. Ya ji hankalinsa ya kwanta. Har ya fara shirya yadda zai tsaya a gaban teburin kwalaben nan ba tare da kowa ya ji isowarsa ba, ya fito cikin farar shaddarsa, ya gaida Alhaji da ladabi fiye da kullum, bai ce komai ba. Motar ce za ta yi magana.

Da aka kira azahar a masallacin gari ya ɗauki buta. Randar gindin mangwaro ta sha ce, bai so ya rage musu, sai ya nufi tanki. Rabon da ya leƙa cikinsa tun lokacin sanyi. Ya hau matakalar ya miƙa butar, sai ya tsaya. Babu abin ɗiba. Ruwan da ke ciki bai kai ya rufe tafin ƙafa ba, gefe ɗaya ma laka ce ta fara tsagewa, da ƴan kwaɗi sun taru a inda ya rage danshi.

Daga saman matakalar ya hango ƙarshen lambun, inda Inna Asabe ta duba ɗazu. Mace ɗaya ce a cikin ranar, tana tafe daga tsohuwar rijiyar da aka daina amfani da ita, bokiti a kai, bokiti a hannu. Ya gane ta. Tsahara ce, ƙaramar cikinsu, wadda ba ta wuce sa'ar Tahira ba, mijinta yana can arewa wajen haƙar zinariya. Ya sauko ya bi kan iyakar fangalai har ya iske ta.

Dashen tattasai ne, fangali bayan fangali. Guda biyu na kusa da rijiyar sun sha, ƙasarsu ta yi duhu. Sauran duka sun kwanta, ganyen ya yi laushi ya manne da ƙasa mai zafi. Tsahara tana zuba wa kowane tushe rabin moɗa, tana rufe shi da tafin hannu kamar mai lallashin yaro.

"Sannu da aiki, Tsahara."

"Yawwa, Mushe. Sannu da zuwa." Ba ta ɗago ba.

"Me ya sa kike ja da guga? Ina ruwan tanki?"

"Yana zuwa."

"Yaushe kika dasa waɗannan?"

"Jiya da marece." Ta zuba wata moɗar. "Na san yau layina ne, ruwa nawa ne tun sahe har rana ta faɗi. Shi ya sa na tumɓuke irin duka."

"To in layinki ne, me ya hana..." Bai ƙarasa ba. Daga inda suke ana hango farar motar a gefen pano, da zana a fuskarta.

Tsahara ta miƙe, ta share zufa da gefen zane. Ta dubi gindin mangwaro, ta ga tsohuwar ta juya baya tana salla, sannan ta yi magana a hankali.

"Ni ban ce komi ba, Mushe. Kai ka tambaya. Tun da zahi ya shigo ruwa ya gudu ƙasa, famfon sai shi wuni yana ja tankin bai cika ba. Da Inna ta ga haka sai ta tara mu, munka sake raba kwanaki. Kowa da ranarta. Talata ta mota ce."

"Ta mota?"

"Ba mai dasawa ranar Litinin, ba mai sa rai da ruwa ranar Talata. Mun saba, ba ta dame mu ba. Amma yau Asabar."

"Tun yaushe?"

"Tun kamin azumi."

"Kuma ba wadda ta faɗa mini?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta abin da ko yaro ya sani. Ta ɗauki bokitanta.

"Za su kai la'asar?" ya tambaya, yana nuna dashen.

"Waɗanda na kai gare su za su kai." Ta nufi rijiyar.

Ya san amsar ba sai ta faɗa ba, aikinsa ne. Dashen jiya, a ranar bazara, ba ya jiran la'asar. Kuma in la'asar ta yi, ranar da za ta juya famfo ta riga ta yi sanyi. Irin da ta yi wata tana reno a gindin bukka, ba ta da wani. Ya koma gindin mangwaro da sauri, butar tana kaɗawa a hannunsa ba komai a ciki. Inna Asabe ta sallame tana jan carbi.

"Inna, tanki a bushe yake."

"Zai cika."

"Dashen Tsahara yana mutuwa. Kin sani, kika sauke ƙarfen da hannunki. Na tambaye ki ko zan takura ku."

"Ka tambaya, na ba ka amsa." Ta ajiye carbin a kan cinya. "Zauna, Mushe, ba a yi mini magana a tsaye."

Ya tsuguna, amma muryarsa ba ta tsuguna ba. "Watanni kuna ba mota ranar ruwanku. Mota, Inna, ƙarfe da roba. Na zauna nan ina yi miki wa'azi a kan masu ganin cuta su yi shiru, ashe a inuwar shirunku nake zaune ina shan fura. Kalma ɗaya ce. Da kin ce mini ruwa ya ja baya, da na nemi wata hanya."

"Wace hanya? Ai kai ka gaya muna gidan da kake ba ta shan wuta." Ta gyara zama. "A gidan ubana, in baƙo ya sauka da doki, dokin ake fara shayarwa. Ko randa ɗaya ta rage, ko ɗiyan gida na kuka. Baƙon kuma ba shi leƙa randa. Na ga uwata ta yi, na ga kakata ta yi. Kai ka kawo muna panon ga, ka sha rana a kanmu lokacin da maza ke ce maka mahaukaci. Yau ka zo da lalurar iyali, sai in tsaya gaban mata in ce maka dabbarka ba ta sha? Da wane bakin?"

"Ba dabba ba ce. Kuma panon ba nawa ba ne, naku ne."

"To namu ne, munka ba ka."

"Ranar Tsahara kika ba ni. Kin tambaye ta?"

Tsohuwar ta kau da kai. Ta dubi ƙarshen lambun, a wannan karon ta daɗe tana dubawa.

"In sun mutu, mu tara mata iri," ta ce daga baya, amma muryar ta rage ƙarfi. Su biyun sun san ba mai sauran iri a wannan lokaci.

Abdulrazak ya tashi ya je wurin motar. Sanda uku ne har yanzu, ta huɗun ko alama. Uku za su ratsa da shi Maradi su kai shi Tsibiri, in ya lallaɓa. Ba za su dawo da shi ba. Ya tsaya da hannu a kan ƙarfen juyin, wanda rana ta gasa har yana ƙuna. Ya ga rumfar ranar suna, ya ga fuskokin da za su taru a bakin teburin Alhaji, ya ji muryar Tahira tana cewa kar ka ba ni kunya. Can ƙarshen lambu guga ta sake faɗawa rijiya.

Ya ɗaga ƙarfen.

Famfo ya yi gyaran murya, ya kama gunji. Jim kaɗan bututun ya tofar da iska, ya tofar da laka, sannan ruwa ya zubo. Abdulrazak bai bari ya taru a tanki ba, ya buɗe bakin magudanar da ke tafiya kai tsaye ƙarshen lambu, ya bi ruwan da fartanya yana share masa hanya. Tsahara ta jefar da bokiti ta tarye shi, tana buɗe bakin fangali da ƙafa, in ya cika ta toshe ta buɗe na gaba. Sai da ruwa ya shiga fangalin ƙarshe ya tuna bai yi azahar ba, ya kuma ga farar shaddar ta zama ja daga gwiwa zuwa ƙasa.

Ya yi alwala a magudanar, ya yi salla, ya naɗe wayar motar. Inna Asabe ba ta taso ta cire zanar ba, shi ya cire ya jingina a shinge.

"Na tafi, Inna."

"Ka kunyata ni, Mushe," ta ce, idonta a kan faifai. "Ba a taɓa tashi daga wurina da ƙishirwa ba."

"Ki yi haƙuri. Talatar ma ku raba ta."

"Ita kuma ta sha mi?"

Ta tura masa ƙullin zogalen da ta wuni tana tsinka, ba ta dube shi ba. "Na mai jego ne, ba naka ba. In ka ga dama ka zo ranar taronmu ka roƙi layi kamar kowa. Sai dai ka sani, marar fangali shi ne na ƙarshe."

"Zan zo."

Ya ratsa Maradi kamar mai ɗauke da ƙwai. A bakin babbar kasuwa sanda ta uku ta tafi. A mafitar gari ta biyu ta bi ta. Da ya hango itatuwan Tsibiri, ta ƙarshen ta koma ja tana ƙiftawa, motar kuma ta ƙi wuce saurin keke duk yadda ya taka. Haka ya iso ƙofar gidan Alhaji Tanimu, la'asar sakaliya, a gaban mutanen da suka cika benci biyu a ƙarƙashin itacen dogon yaro, kusa da teburin da kwalaben esansi ke jere suna ɗaukar ido kamar zuma.

Ya fito, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a gefen tabarma. Ya ji idanu suna bin lakar da ke jikin shaddarsa.

"Injiniya," in ji Alhaji Tanimu, dattijo gajere mai furfura a gemu da warin esansi da ya kama masa hannu har abada. "An iso lahiya? Ko ture ta ka yi daga Maradi?"

Aka yi ƴar dariya.

"Lafiya lau, Baba." Ya sunkuyar da kai. "Sai dai ba za ta koma ba yau. Cajinta ya ƙare."

Ya jira. Wani a kan benci ya fara gyara murya, dariyar tana taruwa a maƙogwaronsa. Alhaji ya juya ya dube shi sau ɗaya, mutumin ya haɗiye ta. Dattijon ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Ina igiyar tata? Kawo nan. A ƙohwar gidana ta sauka."

Ya karɓi wayar da hannunsa, ya shige zaure yana jan ta. Abdulrazak ya bi shi har bakin ƙofa ta biyu, inda suruki ke tsayawa in ba a ce ya shigo ba. Daga cikin ƙofar, jikin bangon zaure na biyu, babban firigon Hajiya Zuliha yake, uwar Tahira. Da shi take yin ƙanƙarar da mata ke zuwa sara da safe, a bazara kuwa ita ce sana'ar gidan. Yana ta gurnani a hankali, irin sautin da ba a lura da shi sai ya tsaya. Alhaji ya miƙa hannu bayan firigon. Sautin ya tsaya.

"Baba, me aka kashe?"

"Ba komai, Injiniya. Je ka jona abarka."

A bayan labulen tsakar gida ƙarar turmi ta yanke. Abdulrazak ya san wannan shirun yanzu, yau ya sha fura a cikinsa. Labulen ya ɗaga, Tahira ta leƙo da jariri a kafaɗa, ta sha kwalliyar komawa ɗaki. Ta dubi lakar, ta dubi wayar da ke hannun ubanta, ta dubi firigon.

Abdulrazak ya tsallaka ƙofar da bai taɓa tsallakawa ba. Ya tsuguna, ya karɓi wayar daga hannun Alhaji da hannu biyu, ya laluba bayan firigon ya mayar da nasa. Gurnanin ya dawo. Sannan, yana tsugunen, ya fuskanci labule ya yi abin da ba a yi, ya yi wa surukarsa tambaya kai tsaye.

"Inna, don Allah, yaushe firigon nan yake hutawa?"

Jaririn ya yi atishawa. Alhaji yana kallon rufin zaure. Daga can ciki muryar Hajiya Zuliha ta fito, ba shi take wa magana ba.

"Tahira, ce mishi gobe da hantsi, in an kwashe ƙanƙara. Daga nan har azahar ba abin da ke ciki."

"Ta ce gobe da hantsi," in ji Tahira, tana danne murmushi.

"Na gode. Gobe da hantsi zan zo."

Ya fita bakin hanya, a gaban benci biyun nan, ya ɗaga hannu ya tsai da adaidaita. Aka ɗaure buhun gero da tulun mai da ƙullin zogale a baya, gwaggon da za ta raka Tahira ta shiga da ƙwaryar yaji a cinya, Tahira ta zauna a tsakiya. Mai adaidaitar ya girgiza abin hawansa ya kasa kunne, ya ce ba zai kai Zariya ba sai an ƙara esansi. Alhaji Tanimu ya ɗauki kwalba ɗaya daga teburinsa, ya sa mazurari, ya juye ta da kansa har ɗigon ƙarshe. Bai dubi surukinsa ba, a kan benci kuma ba wanda ya yi dariya. Da injin ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe, Tahira ta ja gefen mayafinta ta rufe hancin yaron.

Sun ɗan yi nisa Abdulrazak ya waiwaya. Mutanen da suka zo kallo sun tashi daga benci, sun sa kafaɗa a bayan farar motar suna tura ta wajen inuwar itacen. Alhaji kuwa ya kama gefen teburinsa, kwalabe suna kaɗawa, yana jan sa daga ƙarƙashin dogon yaron da ya yi shekaru yana zaune a gindinsa, yana fito da shi fili, inda rana za ta same shi gobe tun da safe.

Abdulrazak ya buɗe baki zai ce wa mai adaidaita ya tsaya. Tahira ta ɗora hannu a kan gwiwarsa, a daidai inda lakar ta bushe.

"Wannan ka bar mishi," ta ce.